Jirgin da Aka Cire wa Tuta

Corrientes, Litinin, 11 ga Mayu

'Yata Nélida,

An sami mahaifinki jiya da rana a bakin rafin Riachuelo, daidai inda yake shiga babban kogi. Yana zaune a kan wani kwalekwale da aka kife, da jakar burodi a cinyarsa. Babu rauni a jikinsa, kuma yanzu yana gida. Na sa wannan a gaba domin shi za ki fi so ki fara ji, kuma shekarun da na yi a gidan jarida sun hana ni fara labari daga wutsiya. Yanzu sai gaisuwa. Ina fata kina lafiya, ke da Osvaldo da yara, kuma kantin magani yana tafiya daidai.

Ga abin da na tabbatar. Ya fita sayen burodi da safe, Doña Ramona maƙwabciyarsa ta gan shi. Ya sayi burodin. Daga nan babu wanda ya ga tafiyarsa, tafiyar da saurayi ma zai ji ta a ƙafa. Wani masunci ne ya gane shi ya aiko. Likita ya duba shi, ya ce bai ga komai ba sai gajiya. A mota na ce masa, "Tele, ina za ka?" Ya ce, "Ba inda za ni. Kai ne dai ka zo ka tashe ni ina hutawa." Wannan ne karo na biyu. A watan jiya an same shi tsaye a ƙarshen titin bakin kogi, bayan gada. Muka ɗauka shan iska ne, shi ya sa ban rubuto miki ba.

Akwai wani abu kuma, zan faɗe shi yadda na gan shi ba tare da na ce ga ma'anarsa ba. Kin san teburinmu na saman shagon Meza mai kayan kamun kifi, amma ba ki san dokokinsa ba. An zana kogin nan a kansa, daga birni a gefen arewa har zuwa gaɓar Bella Vista a gefen kudu, kuma tun da aka fara wasan yaƙin 'yan Tudu da 'yan Gangare ba a taɓa kwashe ƙananan jiragen dalmar da muke wasan da su ba. Inda aka tsaya wannan Asabar, nan ake tashi ta gaba. Ni ne alƙalin wasa. Kafin a jefa ɗan ludo, sai na karanta tsayin ruwan kogin gaske a jarida, da shi nake yanke ƙarfin ruwan teburi.

Idan ɗayanmu ya rasu, ba a ɗauke jirginsa da hannu. Amininsa yana cire 'yar tutar da ke kansa, a bar shi babu kyaftin. Kowace Asabar in tura shi kudu gwargwadon ƙarfin ruwa, har ya kai bakin teburi ya faɗa cikin akwatin yashi da muke ajiyewa a ƙasa. Sannan a kai wa iyali. Haka muka yi wa Hipólito Sena mai aski da ya rasu a watan Maris, kuma mahaifinki ne ya cire tutar.

Shekaranjiya na tura jirgin Hipólito, ya tsaya a bakin Riachuelo. A watan jiya kuwa yana bayan gada.

Ƙari ɗaya. Mahaifinki ya yi shekara da shekaru yana tsaron baya, ba ya harba igwa sai ya auna sau biyu da rula. Yanzu kai tsaye yake shiga cikin wuta, yana dariya. Meza ya ce masa, "Tsoho, me ka sha?" Ya ce, "Jefa ɗan ludonka, mai ƙugiya, ka bar surutu." Hipólito kaɗai ke kiran Meza mai ƙugiya.

Ki gaida mutanen gida. Na bar ki lafiya.

Kawunki,
Celestino Ojeda

Rosario, Lahadi, 17 ga Mayu

Kawu Celestino,

Ina gaishe ka da kyau, ya sanyi, ya gwiwar? Osvaldo da yara suna gaisuwa. Na gode da ɗawainiyar da ka yi da Baba, Allah ya saka.

Kawu, ni a bayan kanta nake wuni, ina ganin irin wannan kullum. Tsoho ya rasa amininsa, yana zaune shi kaɗai, ba ya cin abincin kirki, sai ya fara fita yana mantuwa. Yana da suna a littafin likitoci, kuma ba sunan jirgi ba ne. Duk wanda ya fita daga gidan Baba ya bi gangara, kogi zai tarar. Zancen mai ƙugiya kuwa, mutumin da ya zauna kusa da wani tun suna samari dole bakinsu ya zama ɗaya.

Na gyara masa ɗakin baya tun bara. Ka san amsar da ya ba ni? Wai idan ya taho wa zai tsare mashigar ruwa. Na ce, "Baba, mashigar ruwan fenti ce a kan tsohuwar ƙofar da kuka mayar teburi." Bai yi mini magana ba har na koma. Ina ƙarama na taɓa miƙa hannu zan taɓa ɗaya daga cikin jiragen nan, ya buge mini yatsa a gabanku duka, shi da bai taɓa dukana a kan komai ba. Don haka ka yi haƙuri idan ba ni da tausayin teburinku.

Roƙona ɗaya ne. Ka ɗauki wannan guntun dalmar ka naɗe a hankici ka kai wa Doña Eulogia, matar marigayi. Muddin Baba yana kallon jirgin abokinsa yana tafiya a hankali kowane mako, ba zai warke ba. Ku ne kuke ja masa makokin. Kai ne alƙali, babu mai hana ka.

Na kira shi ranar Alhamis a wayar gidan Doña Ramona. Muryarsa garau, har da tsokana, wai in faɗa wa Osvaldo ya rage tumbi. Amma duk tsawon maganar ina jin ruwa a bayansa, irin yadda yake bugun gefen kwalekwale. Na ce, "Baba, famfo aka bari a buɗe?" Ya ce a'a, a falo yake. Layin waya ne, ka san halin layinmu.

Zan yi ƙoƙari in zo farkon watan gobe idan na sami mai riƙe mini kanti. Ka huta lafiya.

'Yarka,
Nélida

Corrientes, Alhamis, 28 ga Mayu

'Yata Nélida,

Gaisuwa gare ki da iyali. Wasiƙarki ta iso, kuma na yi abin da kika ce, ko in ce na fara.

Da farko, ranar Lahadi an same shi a garin Empedrado, can kudu da nisa, a ƙarƙashin gaɓar, takalmansa a bushe. Babu direban da ya tuna ya ɗauko shi. Kogi yana cika, don haka ranar Asabar na tura jirgin faɗin tafin hannu biyu maimakon ɗaya. Ba sai na faɗa miki inda ya tsaya ba.

Ranar Talata bayan cin abincin rana na karɓi mabuɗi a wurin Meza na hau sama ni kaɗai, da hankici a aljihu. Na ɗaga jirgin. Ya kamata ki san cewa jirgin Hipólito, Yacaré, da na mahaifinki, Surubí, zubi ɗaya ne. Su biyu suka narka dalmar tsohon taru suka zuba su rana ɗaya, sulkensu ɗaya, bututun hayaƙinsu ɗaya, fentinsu ɗaya. Da tuta ake bambanta su, sai kuma harafin da kowa ya karce a ƙasan nasa, inda ba a gani sai an ɗaga. Na juya shi. Harafin T ne.

Jirgin da nake turawa kudu tun watan Maris na mahaifinki ne. Wanda yake yaƙi da shi, da tutarsa a kai, na Hipólito ne.

Na tsaya da shi a hannu ina kallo, ban san tsawon lokacin ba, ba dai mai yawa ba. Sai na ji ba na son riƙe shi, na mayar daidai inda fenti ya nuna sawunsa. Da yamma na biya gidansa. Doña Ramona ta tare ni a ƙofa. Ta ce bayan cin abincin rana tana shanya, ta hango shi ta saman katanga ya rungume itacen lemon tsakar gida da hannu biyu, ƙafafunsa suna laluben ƙasa, yana cewa a sauke shi, a sauke shi. Kafin ta zagayo ya saki itacen, ya zauna, ya nemi a ba shi mate, shayin ganyen nan namu. Na tambaye ta lokacin sau biyu, ban gaya mata dalili ba.

Jiya na tara 'yan kulob ba tare da shi ba. Mu biyar muka rage. Na faɗi abin da na gani. Dakta Wenceslao Barrios, likitan haƙori, shi ne shugaban 'yan Gangare, shi ya fara magana.

"Kai alƙali, kai ka ɗaga jirgi da hannu? Da ni na yi, da ka sa na ciyar da ku burodin rogo, chipá, wata guda."

Meza ya ce, "Bar wannan, Dakta. Doka ta yarda a ɗaura wa jirgi igiya a ja shi. A tsagaita wuta Asabar ɗaya, in sauka in jawo shi gida."

"Tsagaita wuta? Makon da aka binne mahaifiyata ban nemi a tsagaita mini ba."

"Kai dai ba ka da zuciya, sai filaya."

"Ina da littafin doka. Kuma ko na buɗe maka hanya, wannan kwanon wankin da kake kira jirgi ba zai cim masa ba. Auna ka gani."

Na auna. Gaskiyarsa ne. A yadda ruwa yake yanzu, babu jirgin 'yan Tudu, ɓangaren mahaifinki da Meza, da zai kai wurin kafin bakin teburi, in ban da guda ɗaya. Makonnin nan mahaifinki ya yi ta kutsawa kudu da Yacaré shi kaɗai, ta tsakiyar igwogin Barrios, kullum yana bayan wancan jirgin da ɗan tazara. Mun ɗauka wauta ce.

Barrios ya tashi yana sa hularsa, ya ce, "Dalma ce, jama'a. Dalmar taru. Ku kai mutum asibiti." Amma ƙofa tana gefen kudu, kuma na lura ya zagaya teburin ta arewa don kada rigarsa ta goge shi.

Ban ce ki yarda da komai ba. Na ce dai ki zo. Sai mun gan ki.

Kawunki,
Celestino

Rosario, Talata, 9 ga Yuni

Kawu,

Na iso lafiya, ina gaishe ka. Ka yafe mini yadda na bar ka a tashar mota ba sallamar kirki. Akwai abin da ban iya faɗa a gaban Baba ba.

Ka san na yi niyyar tahowa da shi ranar Lahadi, kuma ka ga mun dawo da yamma. Na ce maka amai ya kama shi a hanya. Ba amai ba ne.

Tun daren Juma'ar da na iso Doña Ramona ta gaya mini cewa Lahadin da ta wuce sun kulle ƙofar gida, sai ya wuni tsaye a tsakar gida, goshinsa a jingine da katangar kudu. Don haka da na ce masa mu tafi Rosario ban sa ran zai yarda ba. Sai ya ce, "Ta wace hanya?" Na ce ta bakin kogi. Ya ɗauko hularsa.

A mota yana ta hira, yana nuna mini tsibirai ta taga ko a inda ba a ganin ruwa. Muka wuce Empedrado lafiya. Bayan San Lorenzo kaɗan sai ya yi shiru. Na taɓa hannunsa, sanyi kamar kifi. Na nemi bugun jininsa, ina ji yana raguwa a ƙarƙashin yatsana yayin da motar take gudu. Kawu, wannan aikina ne, na san abin da nake ji. Na yi wa direba ihu ya tsaya. Muka sauko da shi gefen titi, wani mai motar lemo da ke komawa arewa ya ɗauke mu. Ba mu yi nisa ba jini ya dawo fuskarsa, ya buɗe ido ya ce, "Neli, kin cika gaggawa. Ban kai can ba tukuna."

A bayan motar lemon nan na tambaye shi kai tsaye. Na ce, "Baba, Kawu ya ce ka yi kuskuren tuta."

Ya yi dariya. "Celestino ya ce kuskure? Ni da na yi shekara talatin ina raba wasiƙu a gidan waya ban taɓa sa ta wani a akwatin wani ba?"

"To me ka yi?"

"Na juya musu baya, na cire tasa, na cire tawa, na soka tawa a nasa. Suna can suna share hanci, babu wanda ya gani."

"Don me?"

"Hipólito ba ya tashi a tsakiyar wasa. Ko ranar aurensa sai da aka zo aka janye shi. Ana gab da shiga ruwan Barrios, a ce masa ya sauka? Na ce ya ƙarasa. Ni da ma tsaron baya nake yi, ba a rasa komai ba."

Na ce, "Ni fa? Ni ba komai ba ce?"

Ya juya ya kalli lemon. Sannan ya ce, "Ba wuya, Neli. Ba ka riƙe sitiyari, ba ka auna komai. Tun rasuwar mamanki ban yi barci irin na kwanakin nan ba."

Na yi tunanin wannan maganar tun daga Corrientes har gida. Mutum ne mai hankalinsa, ya faɗi abin da yake so. Na sha gaya wa 'ya'yan marasa lafiya su girmama irin wannan. To ni ba zan girmama ba. Ban gama da shi ba, yarana ma ba su san shi sosai ba. Har yanzu ina cewa dalma ce, amma ku ja shi. Ka je wurin Dakta Barrios ka ce masa 'yar Telésforo ce take roƙo, wadda ya cire wa haƙori tana aji uku ya ba ta alewa a ɓoye. Kada kowa ya sake ɗaga shi da hannu.

Ka ce saura Asabar nawa? A tasha ka faɗa, ban ji ba.

'Yarka,
Nélida

Corrientes, Lahadi, 14 ga Yuni

'Yata Nélida,

An ja jirgin, yana kan teburi. Mahaifinki bai kwana a gida ba, kuma har yanzu ba mu san inda yake ba. Na kira kantinku da gidan maƙwabtanku, layi bai shiga ba. Ina gaishe ki, ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Amsar tambayarki ita ce Asabar ɗaya, ta jiya. Da na tura shi da ƙarfin ruwan jiya, da ya faɗa.

Na kai wa Barrios saƙonki ranar Juma'a. Ya karanta, ya ce bai tuna wata alewa ba. Sannan ya buɗe littafin doka a shafin da ya riga ya sa wa alama. Ya ce, "Tsagaita wuta babu. Amma jirgin da ba shi da tuta ganima ne, duk wanda ya ɗaura masa igiya nasa ne. Zan kama shi in kai tashata." Tasharsa tana ƙarƙashin gaɓar Bella Vista, a bakin teburi. Na ce ai nan ne ƙarshe. Ya ce, "Ƙarshe ne, amma akwai inda ake jefa anga."

Jiya an tashi da hazo, bai ɗaga ba har yamma. Mahaifinki ya zo da wuri, ya zauna a kujerar Hipólito. Aka zagaya da mate, na karanta tsayin ruwa, aka fara. Barrios ya fito da Santa Rita, babban jirginsa, wanda yake ɓoyewa a bayan tsibiri tun shekarun baya don kada a karce masa fenti. Ya nufi jirgin da babu tuta. A zagaye na biyu mahaifinki ya gane.

"Wenceslao, me kake nema a can?"

"Abin da ba shi da mai shi."

"Yana da mai shi."

"To ina tutarsa?"

Barrios ya ɗauki zare ya ɗaura daga jirgi zuwa jirgi, yadda doka ta ce, ba tare da ya gusa ko ɗaya ba. Mahaifinki ya ce a ba shi rula. Ya juya Yacaré, ya saki dukkan wutar injinsa, ruwa yana tura shi ta baya, ya nufi zaren. A dokarmu jirgin da ya bi ta kan igiya ya yanke ta.

Meza ya ce, "Tele, don Allah. Kai ake ceto."

"Wa ya aike ku?"

Barrios yana da zaɓi biyu. Ko ya saki igiya ya kauce, ko ya juya Santa Rita ya ba da gefenta. Ya duba ta kamar yadda mutum ke duban gidan da zai sayar, ya ce, "Alƙali, auna mini kwanar juyawa." Ya tare hanya da cikinta.

Mahaifinki ya jefa ɗan ludo. Hancin Yacaré ya shiga sulken Santa Rita ya tsage, ruwa ya cika shi. Na duba jadawalin doka sau biyu kafin na ce ya nutse. Santa Rita ta rasa igwoginta na gefe da rabin injinta, amma tana bisa ruwa. Saura jifa ɗaya, a ga ko igiya ta jure girgizar. Barrios ya jefa. Ɗan ludon ya faɗi a kan biyar. Igiya ta riƙe. Ya ja Surubí a hankali ya shigar da shi tasha, ya ce ya jefa anga. Tsakaninsa da bakin teburi faɗin yatsa biyu ne.

Jirgin da ya nutse ana kwantar da shi a gefensa, a rufe da shuɗin ƙyalle. Mahaifinki ya yi wannan da kansa. Ya gyara ƙyallen, ya ce, "To, ya ƙarasa. Da ma haka yake son ya tafi, da hanci a cikin wani." Ya yi dariya, irin mai ƙarewa da tari, wadda duk muka sani. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya ba mu hannu. Da ya zo kan Barrios ya ce, "Ka yi asarar jirgi mai kyau a kan ɗan gidan waya." Barrios ya ce, "Kai fursunana ne yanzu, ka yi mini magana da ladabi."

Ya sa hula ya sauka. Meza ya bi shi nan take, bai tsaya ko ɗaukar rigar sanyi ba. Ya tarar da titi babu kowa sai wata mata da kare.

Bayan sun watse na tsaya ina duban teburin, sai na ga abin da ya wuce mu duka. Jirgin mahaifinki yana kan ruwa, a ɗaure. Tutarsa kuwa tana ƙarƙashin shuɗin ƙyalle, a kan jirgin Hipólito. Na karanta littafin doka daga farko har ƙarshe. Bai faɗi wanne ne mutum ba, jirgin ko tutar.

Mun sanar da 'yan sandan ruwa tun daga nan har Goya. Zan rubuto da zarar na ji wani abu.

Kawunki,
Celestino

Corrientes, Litinin, 15 ga Yuni

'Yata Nélida,

Gaisuwa. Na ba direban motar rana wannan takarda ya kawo miki kanti da hannunsa. Kada ki zo Corrientes, ki sauka a Bella Vista.

Ofishin 'yan sandan ruwa na can ya kira shagon Meza ɗazu. Wani masunci ya aika musu cewa jiya da safe, cikin hazo, ya ga tsofaffi biyu suna tafe a kan yashi a ƙarƙashin gaɓar, suna gardama. Ɗaya ya tsaya kusa da inda ake ɗaure kwalekwale. Ɗayan ya ci gaba da bin bakin ruwa ya yi kudu, bai waiwayo ba.

Wanda ya tsaya yana bukkar masuncin. Ya ci kifi, ya sha mate, ya yi barci. An tambaye shi sunansa, ya ce a tambayi wanda ya kama shi. Ya ƙi tashi daga wurin sai an zo an karɓe shi.

Barrios ya rufe ɗakin aikinsa, ya je gida sa taye. Da motarsa za mu tafi. Meza zai zauna da mabuɗin sama, babu mai hawa.

Na nemi jami'in ya kwatanta mini mutumin. Ya ce shi bai gan shi ba, saƙo aka kawo masa da baki, kuma hanyar bukkar ta ruwa ce. Zai tura jirgi a duba idan hazo ya ɗaga.

Allah ya kawo ki lafiya.

Kawunki,
Celestino Ojeda